Kwana biyar a Istanbul da tsohuwa da ƙaramin yaro: yadda zaɓen unguwa ya ɓaci da yadda aka gyara shi

Mutum huɗu ne a tafiyar: magidanci ɗan kasuwa, matarsa, mahaifiyarsa mai shekara 68 wadda gwiwa ke damu, da ɗansu ɗan shekara huɗu. Babu wanda ya taɓa taka Istanbul a cikinsu. Za su sauka daren Litinin, su tashi ranar Asabar, kwana biyar ke nan. Hajiya na son yin salla a Aya Sofiya da Masallacin Sultan Ahmad, ta kuma ziyarci kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari a Eyüpsultan. Uwargida za ta shiga shagunan sarin tufafi na Laleli da babbar kasuwar nan mai rufi, Kapalıçarşı. Maigida yana da ganawa guda ɗaya da wani dillali a Osmanbey. Sun kuma so su tsallaka ruwa zuwa ɓangaren Asiya ko sau ɗaya ne.

Maigida ne ya kama masauki, kuma bai yi abin da za a ce ganganci ba. Ya shiga shafin neman masauki, ya rubuta sunan gari, ya tsara sakamakon daga mai rahusa, ya zaɓi wani gida mai ɗaki biyu da falo da kicin wanda sunansa ke ɗauke da kalmar Taksim. Kowa ya gaya masa Taksim ce tsakiyar gari. Shafin ya nuna mita 600 ne zuwa dandalin Taksim. Hotuna sun yi kyau, kuɗin bai kai na ɗaki biyu a otal ba, sai ya biya na kwana biyar gaba ɗaya a kan sharaɗin da ba a mayar da kuɗi, domin shi ne ya fi sauƙi.

Daren farko

Jirginsu ya sauka a babban filin jirgin Istanbul da ƙarfe 10:40 na dare. Wannan fili yana Arnavutköy, can arewa maso yammacin gari, kimanin kilomita 40 daga Taksim, kuma shi ya karɓi aikin tsohon filin Atatürk a watan Afrilun 2019. Girmansa kaɗai aiki ne: daga ƙofar jirgi zuwa wurin buga fasfo tafiya ce mai nisa, sannan layi, sannan jiran akwati. Da suka fito sha biyu ta gota. Layin metro na M11, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa mai shiga gari, da maigida ya yi niyyar hawa yana rufewa wajen tsakar dare, don haka sai tasi. Mutum huɗu da manyan akwatuna huɗu da keken yaro ba su shiga ƙaramar tasi ɗaya, sai da suka jira babbar mota.

Direba ya sauke su a bakin babban titin Tarlabaşı, ya nuna musu wani lungu da hannu. Motarsa ba za ta iya shiga ba, lungun matsattse ne kuma motoci sun faka gefe guda. Daga nan gangara ce mai santsi da duwatsun daɓe, suna jan akwati, tayoyi na ƙara cikin dare, Hajiya ta dafa kafaɗar surukarta tana taku ɗai-ɗai. A ƙofar gidan babu mai karɓar baƙi. Makulli na cikin wani ɗan akwatin ƙarfe mai lambobi, lambar kuma an turo ta ne a saƙo bayan jirgi ya tashi, wayar maigida kuwa ba ta da intanet. Sai da wani mai shago da bai rufe ba ya ba shi aron nasa. Da aka buɗe, sai ga matakala mai murɗe, babu lifta, ɗakin yana hawa na uku. A Turkiyya ba a lissafa hawan ƙasa, suna kiransa zemin kat, don haka hawa na uku yana nufin matakala uku cikakku, taki 54 a wannan gida. Hajiya ta huta sau uku kafin ta kai sama. Da ta zauna sai ta ce da ɗanta, “Ni dai idan na sauka gobe, ka san yadda za ka yi da ni, don ban ga ta hawa sau biyu ba.”

Ina kuskuren yake?

Taksim ba mummunar unguwa ba ce, kuma saurayi mai jakar goyo da zai kwana a wannan gidan ba zai ga aibinsa ba. Abin da ya ɓaci shi ne an zaɓi masauki kafin a lissafa zirga-zirgar da za a yi daga cikinsa, kuma an auna nisa da ƙafar maigida, alhali ƙafar Hajiya ce ke yanke hukunci a wannan tafiya.

A fara da kalmar “tsakiyar gari”. Istanbul na da mutane fiye da miliyan 15 da gundumomi 39, ta kuma rabu gida uku saboda ruwa. Mashigin Bosforus ya raba Turai da Asiya, sannan a ɓangaren Turai wani reshen ruwa da ake kira Haliç ya raba tsohon gari, wato gundumar Fatih, da Beyoğlu inda Taksim take. Kowane yanki da tasa tsakiyar. Shafukan neman masauki sukan ɗauki wuri guda su ce shi ne tsakiya, su auna komai daga can a miƙe kamar tashin tsuntsu. Wannan adadi bai san tudu ba, bai san titi mai layi shida da za a tsallaka ba. Haka abin yake a kowane babban gari, amma a gari mai tuddai irin wannan ya fi cizo.

Sai suna. Mai gida yana da damar raɗa wa gidansa sunan da ya ga dama, kuma sunan unguwar da baƙi suka sani shi ke sayar da ɗaki. Dandalin Taksim a kan tudu yake. Tarlabaşı kuwa gangarowa take yi daga bayan titin İstiklal zuwa kwarin Dolapdere. Mita 600 ɗin gaskiya ce, amma duk hawa ce idan za a fita, da tsallaka babban titi a tsakiya. Lafiyayyen mutum kan yi kamar mita 80 a minti ɗaya a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa a kan tudu rabin haka ma da ƙyar, ga tsayawa hutu. Abin da taswira ta ce minti takwas ya zama minti 20 zuwa 25.

Na uku shi ne wanda mutane suka fi mantawa. Mai tafiya shi kaɗai yakan fita da safe ya dawo da dare, sawu biyu ke nan. Wanda ke tare da tsohuwa da yaro dole ya dawo masauki bayan azahar a huta, yaro ya yi barci, sannan a sake fita da la'asar. Sawu huɗu ke nan a rana, 16 a cikakkun kwanaki huɗu. Takwas daga ciki za su fara da hawan tudu, takwas za su ƙare da matakala 54, jimilla taki 432 na hawa zalla a kan gwiwar da likita ya ce a lallaɓa. Ranar Talata sun gwada. Sun hau tudu zuwa Taksim, suka shiga ɗan jirgin F1 da ke gangarawa ta cikin rami zuwa Kabataş, suka canza zuwa tiram na T1, wato jirgin da ke bin tsakiyar titi, tasha bakwai zuwa Sultanahmet. Fiye da awa ɗaya daga ƙofa zuwa ƙofa. Da suka isa suka tarar Fadar Topkapı, tsohuwar fadar sarakunan Daular Usmaniyya, a rufe, domin Talata ce ranar hutunta. Ba su koma hutun rana ba saboda tsoron matakala, yaro ya yi ta rigima, Hajiya ta wuni a kan benci. Da dare aka yanke shawarar tashi.

Lissafin da ya kamata a fara da shi

Takarda da biro sun isa. A rubuta duk inda za a je, da sau nawa, da kuma wanda zai je. Nasu ya fito haka: Sultanahmet sau biyu, kowa da kowa, Laleli sau biyu, uwargida da maigida, Kapalıçarşı sau ɗaya, Eyüpsultan sau ɗaya, kowa da kowa, Üsküdar sau ɗaya, kowa da kowa, Osmanbey sau ɗaya, maigida shi kaɗai. Daga nan sai a ɗora waɗannan wurare a kan taswirar jiragen gari, ba taswirar tituna ba, a ga wane layi ne ya fi tattara su.

Da an yi haka, amsa tana fitowa da kanta. Layin T1 ya taso daga Kabataş, ya tsallaka gadar Galata, ya bi Eminönü, Sirkeci, Gülhane, Sultanahmet, Çemberlitaş, Beyazıt, Laleli, Aksaray, ya wuce har Merter inda wasu manyan dillalan tufafi suke. Biyar daga cikin fita takwas ɗinsu a kan wannan layi suke kai tsaye. Ta shida, Eyüpsultan, tiram ɗin T5 ne da ke tashi daga Eminönü yana bin gaɓar Haliç. Ta bakwai, Üsküdar, tasha ɗaya ce daga Sirkeci a jirgin Marmaray da ke bi ta ƙarƙashin teku tun ranar 29 ga Oktoban 2013, ko kuma jirgin fito daga Eminönü. Osmanbey kaɗai ce ke kusa da Taksim, tasha ɗaya a layin metro na M2, kuma wanda zai je can shi ne mafi ƙarfin ƙafa a cikinsu. An zaɓi unguwa don fita ɗaya cikin takwas ke nan, ba tare da an sani ba.

A nan akwai abin lura ga mai karanta allunan tasha. A rubutun Turkanci, c ana furta ta kamar j, ç ita ce c ta Hausa, ş kuma sh. Don haka Sirkeci ana cewa Sirkeji ne, direba kuwa ba zai gane ba idan aka furta yadda ido ya gani. Sunaye biyu kuma sun sha ɓatar da baƙi. Karaköy tana bakin gadar Galata a Turai, Kadıköy tana tsallaken ruwa a Asiya. Sannan tashar tiram mai suna Topkapı ba ita ce fadar ba; tana can bakin tsohuwar ganuwar gari, kilomita da dama daga fadar, wadda ake sauka a Gülhane ko Sultanahmet domin ta. Otal ɗin da ya ce yana Topkapı, ko ya ce kawai yana Fatih, sai an duba wace Topkapı, wane gefen Fatih, domin gundumar ta miƙe tun daga bakin teku har ganuwa.

Unguwanni huɗu a kan sikeli

Sultanahmet ita ce ke fara zuwa zuciya, kuma da dalili. Aya Sofiya, wadda aka kammala a shekarar 537 aka kuma mayar da ita masallaci a watan Yulin 2020, tana fuskantar Masallacin Sultan Ahmad, fili ɗaya ne tsakaninsu. Tsohuwar da ke son sallar asuba a ɗaya daga cikinsu ba ta da inda ya fi nan. Matsalar ita ce mafi yawan ƙananan otal-otal masu sauƙin kuɗi suna bayan masallacin ne, a gangaren da ke sauka zuwa Tekun Marmara, wajen Cankurtaran da Küçük Ayasofya. Daga can zuwa tashar tiram hawa ne a kan duwatsun daɓe. Da yawansu tsofaffin gidaje ne da aka mayar otal, wasu babu lifta, wasu liftarsu mutum biyu take ɗauka. Dandalin kuma an hana motoci shiga, don haka tasi takan yi dogon zagaye. Waɗanda ke kan shimfiɗaɗɗen wuri kusa da tasha su ne masu tsada, kuma da wuri suke cika.

Laleli ta dace da wanda sari kaɗai ya kawo shi. Shaguna, kamfanonin aika kaya, 'yan dako da amalanke duk suna bakin ƙofa, ga tiram, ga tashar Vezneciler ta layin M2 a kusa, ga Yenikapı a ƙasa inda M2 da Marmaray suka haɗu. Ta fuskar sufuri babu abin kushewa. Amma da rana hanyoyin ƙafa cike suke da dilolin kaya, tura keken yaro a ciki wahala ce, idan shaguna suka rufe kuma lunguna da dama sukan yi tsit, ba inda tsohuwa za ta ɗan zauna ta sha iska. Titunan ma gangarawa suke yi daga babban titin Ordu zuwa teku, wanda ya kama ɗaki can ƙasa ya sake sayen tudu.

Üsküdar unguwa ce mai natsuwa, masallatai a kowane gefe, har da na Mihrimah Sultan da Mimar Sinan, shahararren maginin Daular Usmaniyya, ya gina daf da tashar jiragen fito. Da ta filin jirgin Sabiha Gökçen suka sauka, wanda ke ɓangaren Asiya kuma layin M4 ya kai gare shi tun Oktoban 2022, da ta shiga sahun gaba. To amma ta ɗaya filin suka zo, kuma kowace fita zuwa tsohon gari sai an gangara tashar Marmaray an fito, ko an shiga jirgin fito, sannan a hau tiram. Canji ɗaya a kowane sawu, sau goma sha wani abu, ya yi wa Hajiya yawa.

Sirkeci ce ta rage, kuma ita muke ganin ta fi dacewa da wannan iyali. Tana ƙasan tudu, kusa da ruwa, kuma yankin da ke tsakanin tsohuwar tashar jirgin ƙasa da lambun Gülhane shimfiɗaɗɗe ne. Daga tasharta Sultanahmet tasha biyu ce, Beyazıt huɗu, Laleli biyar, Eminönü ɗaya, duk ba canji. Marmaray na nan a wurin. Akwai otal-otal matsakaita masu lifta da mai karɓar baƙi dare da rana. Ga lambun Gülhane, inda yaro zai yi gudu Hajiya ta zauna a inuwa, wanda a tafiya irin wannan ya fi ƙarin wani gidan tarihi amfani. Maigida ne kaɗai ya ɗauki nauyin canjin: zuwa Osmanbey sai ya hau Marmaray tasha ɗaya zuwa Yenikapı, ya canza zuwa M2 tasha biyar. Sau ɗaya ne, kuma shi kaɗai.

Mita ɗari uku na ƙarshe

Zaɓen unguwa rabin aiki ne. Ko a Sirkeci, titi biyu kacal daga layin tiram ƙasa ta fara hawa zuwa Cağaloğlu, kuma otal ɗin da ke can ma Sirkeci yake rubutawa. Saboda haka da zarar an ware otal uku ko huɗu, sai a bi kowanne da bincike guda ɗaya, wanda bai wuce minti goma.

A kwafi cikakken adireshi, ba sunan otal ba, a sa a Google Maps, a nemi hanyar ƙafa daga tashar da za a riƙa amfani da ita. A kan kwamfuta yakan nuna ko hanyar shimfiɗaɗɗiya ce ko kuma mita nawa za a hau. Ga mai ciwon gwiwa, abin nema shi ne ƙasa da mita 300 ba tare da hawa ba. Sannan a buɗe hotunan titi a bi hanyar taki-taki kamar ana tafiya: akwai matakala a tsakiyar lungun? Mota za ta iya tsayawa a ƙofa? Shaguna ne a jere ko rufaffun ƙofofin ƙarfe? Akwai wurin kiɗa ko shaye-shaye a ƙasan ginin ko maƙwabcinsa? A duba shekarar da aka ɗauki hoton, tana rubuce a gefe, domin titi na canzawa. Gani ya kori ji, kuma wannan ganin kyauta ne.

Sharhin baƙi kuma akwai yadda ake karanta shi. Jimillar maki ba ta gaya maka komai game da gwiwa. A tsara sharhin daga sabo zuwa tsoho, a nemi kalmomin tudu, matakala, lifta, hayaniya da taga, a kuma fi ba da nauyi ga iyalai da tsofaffi. Idan mutum uku daban-daban a cikin wata shida sun ambaci abu guda, to haka yake. Masu ba da maki matsakaici sun fi faɗin gaskiya, don ba fushi ko murna ke rubutun ba.

Daga nan sai a rubuta wa otal ɗin saƙo, a kuma ajiye amsar. Tambaya ta zama wadda ba a iya kauce mata. “Kuna da lifta?” ba ta isa ba, domin a tsofaffin gine-gine lifta kan fara ne bayan taki shida ko takwas daga titi, ko ta tsaya hawa ɗaya kafin na ƙarshe. A ce: taki nawa ne daga titi zuwa ƙofar lifta, kuma tana kaiwa hawan da ɗakinmu yake? Ɗakin yana da taga mai buɗewa waje, ko a ƙarƙashin ƙasa yake, abin da suke kira bodrum? Banɗakin na tsayuwa ne ko sai an ɗaga ƙafa an shiga kwami? Akwai mutum a teburin karɓar baƙi da ƙarfe ɗaya na dare? Babbar mota na iya zuwa ƙofa? A Sirkeci a ƙara ɗaya: ɗakin yana kallon titin Hüdavendigar ne? Ta nan tiram ke bi, yana kaɗa ƙararrawa tun wajen shida na safe har tsakar dare, don haka a nemi ɗakin baya.

Wanda ya fi son gidan haya a kan otal, ya san cewa daga 1 ga Janairun 2024 dokar Turkiyya ta wajabta wa mai ba da hayar gida na kwana 100 ko ƙasa da haka ya mallaki takardar izini, a kuma liƙa allon shaida a ƙofar gidan. A nemi lambar izinin kafin a biya. Amma ga baƙon farko da zai sauka tsakar dare, shawararmu otal ce, aƙalla a daren farko. Baƙo ko da ido makaho ne, kuma mutumin da ke zaune a tebur yana jiranka ya fi kicin da falo daraja a wannan sa'a.

Abin da gyaran ya ci

Sun tashi ranar Laraba da safe. Kuɗin kwana uku da suka rage a gidan farko ya tafi, domin sharaɗin da aka sa hannu a kai ke nan. Ragin da aka samu a kan wannan sharaɗi bai kai kuɗin kwana ɗaya ba, asarar kuwa ta kwana uku ce. A garin da mutum bai sani ba, ya biya ɗan ƙarin da zai ba shi damar sokewa, ko kuma ya kama kwana biyu kawai da farko idan ba lokacin cunkoso ba ne.

Neman sabon wuri ma ya zo da tasa matsalar. Tun shekarar 2017 wata kotu a Turkiyya ta hana shafin neman masauki na Booking.com sayar da ɗakunan cikin ƙasar ga wanda ke cikin ƙasar, don haka wanda ya saba da shi ya kama ɗakinsa tun kafin ya taso. Maigida ya ware otal uku a taswira, ya sauka Sirkeci shi kaɗai da sassafe, ya shiga kowanne, ya hau lifta da kansa, ya ga ɗakin, sannan ya biya. Wannan ita ce hanya mafi inganci idan an riga an shigo gari: a bar iyali da kaya a inda suke, mutum ɗaya ya je ya gani. Ya samu ɗaki biyu maƙwabta a hawa na biyu ta baya, mita 150 daga tiram. Sun fi na farko ƙanƙanta, babu kicin, sun kuma fi tsada.

Sirkeci ma ba ta rasa nata ba. Tiram ɗin T1 yana cika maƙil da safe da kuma yamma lokacin tashi daga aiki, har sai an bar ɗaya ko biyu sun wuce kafin a samu shiga da keken yaro, kuma a cunkoso irin wannan jaka a gaba ake riƙe ta. Sun mayar da fitarsu bayan ƙarfe goma, dawowa kafin biyar ko bayan isha. Tashar Marmaray ta Sirkeci tana da zurfi sosai, kuma ɗaya daga ƙofofinta a saman tudun Cağaloğlu take fitarwa, wanda ya bi ta bisa kuskure sai ya gangaro da ƙafa. Don haka zuwa Üsküdar suka hau jirgin fito daga Eminönü, Hajiya na zaune tana kallon hasumiyoyin Masallacin Sulaimaniyya, wanda Mimar Sinan ya kammala a 1557, suna ja da baya. Katin İstanbulkart ɗaya ke biyan tiram, metro, Marmaray da fito, ana saye ana kuma ƙara masa kuɗi a injinan da ke tashoshi.

Jadawalin ya koma haka: Laraba da yamma Aya Sofiya da Masallacin Sultan Ahmad, Alhamis Fadar Topkapı da safe, maigida ya wuce Osmanbey, uwargida ta sauka Laleli yayin da Hajiya da jikanta ke barcin rana, Juma'a Eyüpsultan tun da hantsi saboda cikar masallacin, Üsküdar da la'asar, Asabar da safe Kapalıçarşı, wadda ba ta buɗewa ranar Lahadi. Zuwa Laleli na biyu ya faɗi, kwanan da aka ɓatar ne ya cinye shi.

Komawa filin jirgi

Hanyar fita ma tana cikin zaɓen unguwa, kuma an fi mantawa da ita saboda ana lissafi da akwatunan da aka zo da su, alhali wanda ya shiga Laleli ba ya komawa yadda ya zo. Ta jirgi, daga Sirkeci sai Marmaray zuwa Yenikapı, sai M2 zuwa Gayrettepe, sai M11, wanda ya kai Gayrettepe a Janairun 2024. Canji biyu ke nan, kuma na Gayrettepe doguwar tafiya ce a ƙarƙashin ƙasa mai hawa da sauka. Ga mai jaka ɗaya hanya ce mai kyau, ba ruwanta da cunkoson titi. Ga wannan iyali da akwatunansu suka zama shida, ba ta taso ba. Motocin bas na Havaist masu zuwa filin jirgi suna tashi daga Aksaray da Taksim, amma kaiwa Aksaray da kaya shida a tiram wani aikin ne. Sai suka sa otal ya kira musu babbar mota tun daren Juma'a, aka tsayar da kuɗi da lokaci a rubuce, suka ware awa ɗaya da rabi domin hanya, da awa uku a filin jirgi, aka kuma nemi keken guragu wa Hajiya daga kamfanin jirgin kwana biyu kafin tashi.

Da a ce magidancin shi kaɗai ne ya zo, kwana uku, ganawarsa duk a Osmanbey da Şişli, lissafin nan ɗin zai kai shi wani wuri dabam: ɗaki a kan layin M2, tsakanin Taksim da Şişli, inda canji ɗaya a Gayrettepe zai kai shi filin jirgi, tasha uku daga Taksim kuma su sauke shi a Vezneciler idan yana son leƙa Laleli.